Hira da Malamin Cikin Waya Kafin Tafiya Guangzhou

Duk wanda ya yi niyyar koyon Sinanci a waya, ya fara da sanar da iyalinsa. Ya tara su bayan sallar isha'i, ya gaya musu cewa daga yau za su riƙa jiyo shi a ɗaki shi kaɗai yana cewa "ma, ma, ma, ma," kowace da irin muryarta, kuma lafiyarsa ƙalau. Na san gidan da aka tsallake wannan mataki. Daren farko tsohuwa ta amsa "na'am" daga ɗakinta har sau huɗu. Dare na biyu uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Dare na uku aka aika yaro ya kira mai ruƙiyya, kuma sai da maigida ya nuna masa allon wayar kafin ya yarda ya maida kwalbar habbatussauda aljihu.

Ina yi wa wannan magana kallon muhimmiya ne saboda mutanen da ta shafa. Su ne 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Centre, waɗanda ke tashi zuwa Guangzhou da Yiwu su saro yadi da leshi da takalma da kayan waya. A Guangzhou ake yin baje kolin Canton tun shekarar 1957, sau biyu a shekara, ɗaya ya fara a watan Afrilu ɗaya a Oktoba, kuma unguwar Xiaobei ta daɗe da sanin fuskar baƙar fata. Shekara da shekaru harshen da ake ciniki da shi a can shi ne kalkuleta. Mai shago ya danna lamba ya miƙo maka, ka duba, ka kama haɓa, ka goge, ka danna taka ka miƙa masa, shi ma ya dafe ƙirji. Wannan harshe ya loda kwantena ba adadi, kuma ya cancanci girmamawa. Sai dai kalkuleta ba ta iya cewa "wannan ba shi ne samfurin da na gani ba," ba ta iya cewa "kalar ta zuba a wankin farko." Tafinta yana iyawa, amma tafinta mutum ne mai iyali, kuma ba kullum kake sanin daga ɓangare nawa yake karɓar la'adarsa ba.

A nan malamin cikin waya ya shigo. Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka yi wa magana ta ba ka amsa. ChatGPT ya fito a ranar 30 ga Nuwamba 2022, a shekarar 2023 aka ba shi murya. A watan Maris na 2023 kamfanin Duolingo ya fitar da tsarin da ɗalibi zai yi hira da na'ura kamar yana sayen shayi ko yana tambayar hanya. Su ma Sinawan suna da nasu, irin su DeepSeek da Doubao. Dukansu hanya ɗaya suka bi: an ɗura musu rubutun mutane mai ɗimbin yawa, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. A riƙe wannan kalma ta hasashe, domin alherin malamin da sharrinsa duka daga cikinta suke fitowa.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko ana gaishe shi. Ana gaishe shi. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a wuce babba ba a rusuna ba, bakinsa ba zai iya fara magana da "nawa ne wannan" ba, kuma babu dalilin da zai sa ya ɓata tarbiyyarsa saboda waya. Ba mu kaɗai ne ke jin haka ba. A shekarar 1966 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata manhajar hira mai suna ELIZA, wadda kusan duk aikinta shi ne ta juya maka maganarka ta zama tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da ake haɗa abin da idonta, ta zauna hira da ita, can sai ta roƙi maigidan nata ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. To balle wannan da ke amsawa da murya, har yana tsayawa kamar mai jan numfashi.

Abin lura kawai shi ne a taƙaita. Idan ka ce masa ina kwana zai amsa. Idan ka ce ina gajiya, yana iya gaya maka cewa shi ba ya gajiya. Idan ka ci gaba zuwa yaya iyali, yaya yara, yaya mai jiki, zai bayyana maka cikin ladabi cewa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Kada ka yi masa jaje, kada kuma ka yi masa alkawarin nema masa. Datarka ce ke tafiya. Ka ce "lǎoshī hǎo," wato gaisuwar ɗalibi ga malami, ka shiga karatu. Basine ma da za ka tarar a shago, "nǐ hǎo" ta ishe shi, in ya saba da kai ƙwarai ya tambaye ka ko ka ci abinci. Wannan gaisuwa ce, ba gayyata ba, saboda haka kada ka wanke hannu.

Babban amfanin wannan malami shi ne yana cire kunya, kuma kunya ita ce ta hana manyanmu koyon harsuna, ba taurin kai ba. Alhajin da ke da yara ashirin a ƙarƙashinsa, wanda in ya yi tari a shago ake miƙewa, ba zai zauna a benci tare da sa'o'in jikokinsa yana maimaita "wannan kujera ce" ba. Amma zai rufe ƙofa ya faɗi jimla ɗaya sau arba'in a gaban waya, ya yi kuskure talatin da tara, babu wanda zai kai labarin majalisa. Kuma sai an faɗa ɗin ake iyawa. Wata masaniya a Kanada, Merrill Swain, ta lura da yaran da suka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci: suna jin harshen sarai, amma in suka buɗe baki sai kurakurai. A shekarar 1985 ta bayyana cewa saurare kaɗai ba ya isa, sai an tilasta wa ɗalibi ya haɗa magana da kansa, a nan yake gano inda ƙafarsa ke zamewa. Duk wanda ya yi shekara goma yana kallon finafinan Indiya ya san wannan. Yana gane lokacin da za a kashe bos, amma a ajiye shi a Mumbai ya nemi ruwan sha.

Yanzu ga inda Bahaushe ya fi Bature sa'a. Sinanci harshe ne mai karin sauti, Hausa ma haka. Mu ba ma rubuta namu, shi ya sa da yawa ba su san suna da shi ba, amma babu Bahaushen da zai rikita wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, ko kukan jariri da kukar miya. Baƙaƙen ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba. Hausa tana da karin sama, da na ƙasa, da faɗau wanda ke farawa sama ya gangaro. Sinancin hukuma yana da huɗu: na farko a miƙe a sama, na biyu mai hawa kamar tambaya, na uku mai nutsewa ƙasa, na huɗu mai faɗowa kamar tsawa. Wannan "ma" da ta tayar da hankalin gida, a kari na farko uwa ce, a na biyu rama ce wadda ake igiya da ita, a na uku doki, a na huɗu zagi. Mutumin da ya fito daga al'ummar da ake fasa kai a kan ambaton uwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan haɗarin da ke tsakanin na farko da na uku.

Amma wadda ta fi shafar aljihu ita ce "mai." A kari na uku, mǎi, saye ne. A kari na huɗu, mài, sayarwa ce. Duk kasuwancin mutum yana rataye a wannan gaɓa ɗaya, kuma Allah cikin ikonsa ya ajiye mana su biyun a Hausa tun kafin a ƙera jirgin sama. Ka ce "mai" irin wanda ake sha a gidan mai, ka ji yadda murya ta faɗo: wannan ita ce sayarwa. Ka ce "mai" irin ta "mai gida" ko "mai shayi," ka ji yadda ta kwanta ƙasa: wannan ta yi kusa ƙwarai da saye, domin a tsakiyar magana Sinawa kan bar kari na uku a ƙasa ba tare da sun ɗago shi ba. Matsalar ita ce bakin Bahaushe, in aka ba shi "mai" ita kaɗai, man fetur yake tunawa. Sai mutum ya yi tafiyar kwana guda a sama, ya shiga shago da dalolinsa a ƙugu, ya dubi mai kaya ya sanar da shi da ƙarfi cewa ya zo ne ya sayar. A rubuce ma haka suke, harafin sayarwa shi ne na saye da aka ɗora wa wata 'yar alama a ka. Ni nakan ce wa masu koyo su tuna cewa mai sayarwa ne ke sa hula, domin shi ne a zaune a shago.

To a nan ne malamin cikin waya yake da aibi, kuma aibin daga kirkinsa ya fito. Da yawa daga cikin manhajojin nan sukan fara juya muryarka ta zama rubutu, kuma wajen juyawar hasashe suke yi. Idan ka ce kana son ka sayar da yadi dila goma, kana tambayar farashi, na'ura za ta duba sauran maganar ta gane cewa saye kake nufi, ta gyara maka a ɓoye, ta ba ka amsa daidai, ta ƙara da cewa ka yi ƙoƙari matuƙa. Kai kuma ka kwanta da murna. Haka za ka yi wata uku kana kiran uwa doki ana sa maka albarka. Malamin allo da ya ji ka ja wasali inda ba a ja, ba zai jira ka kai ƙarshen aya ba, kuma shi ya sa karatun da ya ba ka yake nan har yau. Na cikin waya kuwa an gina shi ne ya faranta maka, ba shi da bulala, sai ka saya masa da kanka.

Ga yadda ake saya masa. Tun a farkon zama ka gaya masa dalla-dalla: kada ka yabe ni, duk kuskuren da na yi ka tsayar da ni, ka faɗa mini daidai, ka sa ni in maimaita, kuma kada ka koma Turanci sai na roƙa. Zai ce ya ji. Bayan jimla biyar zai manta ya ce madalla. Ka sake tuna masa, ba tare da fushi ba, domin halinsa ne. Sannan kada ka dogara da kunnensa a kan karin sauti. Ka buɗe wurin rubutu da murya a wayarka, ka sa shi a Sinanci, ka faɗi kalmar ita kaɗai ba tare da wata jimla da za ta tona asirinta ba, ka ga wane harafi zai fito. In ka ce saye harafi ya fito da hula, ka san inda kake. Wannan gwaji ba shi da ladabi ko kaɗan, shi ya sa nake ƙaunarsa.

Akwai kuma tsohuwar rigimarmu da "p" da "f." A Hausa duk wadda ta zo bakinka ka faɗa, babu wanda zai tuhume ka, Sinanci kuwa ya raba su. Kalmar araha, wadda ɗan kasuwa zai faɗa fiye da sunansa, ita ce piányi, kuma da "p" take farawa, mai fitar da iska. Ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓenka, ka haɗe leɓɓa biyu ka sake su, in takardar ta motsa ka samu. Wannan ma yana cikin abubuwan da ya kamata iyali su san da su tun da wuri.

Lissafi shi ne inda nake so a daɗe. Huɗu sì ce, goma shí. Sha huɗu shísì, arba'in sìshí. A bakin na'ura bambancin a fili yake, domin tana magana ne kamar mai karanta labarai a rediyo. A kudancin Sin kuwa mutane da yawa ba sa raba "s" da "sh," sai ya zama karin sauti ne kaɗai ya tsaya tsakanin yuan sha huɗu da yuan arba'in a kan kowane yadi, kuma kai yadi dubu za ka saya. Asalin mutanen Guangzhou ma harshensu na gida Kantonanci ne, wanda ya fi na hukuma yawan kari, kodayake a kasuwa na hukumar ake yi da baƙo. Sannan Sinawa ba da dubu suke ƙirga manyan kuɗi ba, da wàn suke yi, wato dubu goma. Dubu ɗari a wurinsu wàn goma ce. Wanda ya saba da lissafin jaka ba zai sha wuyar wannan ba, in dai an gaya masa tun a gida. Rangwame kuma a juye suke faɗinsa: in mai shago ya ce bā zhé, wato takwas, yana nufin ka biya kashi tamanin cikin ɗari, ba ya rage maka tamanin ba. Na ji labarin wanda ya rungume mai shago a kan wannan, daga baya aka yi zaman sulhu da kalkuleta. Ka sa malamin wayarka ya riƙa jefo maka lambobi da sauri kana rubutawa, minti biyar kullum. Abin da ba zai iya nuna maka da murya ba shi ne ƙirgan yatsu, domin Basine da hannu ɗaya yake ƙirga har goma. In ya miƙe babban yatsa da ɗan ƙarami ya naɗe sauran, shida yake nufi. In ya miƙe babban yatsa da manuni kamar bindiga, takwas ce, ka tsaya inda kake.

Daga nan sai wasan ciniki, wanda shi ne zuciyar karatun. Ka ce masa ya zama lǎobǎn, wato maigidan shago, mai sayar da leshi, kai kuma baƙo. Ka ce duōshao qián, nawa ne. Ya faɗa. Ka ce tài guì le, ya yi tsada. A nan za ka ga wani abin takaici: nan take zai rage. Ka sake cewa ya yi tsada, ya sake ragewa, ya gode maka. In ka ƙara matsawa yana iya ba ka kayan a rabin kuɗi ya haɗa maka da kuɗin jirgi. Irin wannan mai shago ba a taɓa haihuwarsa ba, a Sin ko a Kwari, kuma yaron da aka horar a hannunsa ranar farko za a yanke shi. Saboda haka ka gindaya masa hali: ka ce shi mutum ne mai taurin kai, yana da wasu masu saye a tsaye, kada ya rage sai ka kawo dalili, ya yi magana da sauri, ya katse ka, in ka yi tayin banza ya ce ka je gaba. Sai ka koyi kalmomin da ciniki ke tsayawa a kansu: samfur, inganci, adadi mafi ƙanƙanta da za a iya saya, kafin alƙalami, ranar da kaya za su fito, da abin da za a yi in an buɗe dila an ga wani abu daban. Ranar da malamin ya kore ka daga shagonsa da Sinanci kuma ka gane korar, karatu ya fara kama ƙasa.

Yana kuma yin ƙarya, ba da mugunta ba. Tunda aikinsa hasashe ne, in bai sani ba ba ya yin shiru, sai ya haɗa abin da ya yi kama da gaskiya ya faɗa da murya ɗaya da wadda yake faɗin gaskiyar. A kan Sinanci yana da ƙarfi, domin rubutun Sinanci ya cika duniya. A kan Hausa kuwa ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, saboda abin da aka rubuta da Hausa a intanet kaɗan ne. Zai iya yi maka bayani da Hausa, amma wani lokaci sai ka ji ta kamar an sa wa Turanci babbar riga. Duk jimlar da kuɗi ko mutunci ke kanta, ka kai ta gaban mutum mai jin harshen kafin ka kai ta shago. Kuma kada daɗin hira ya ja ka ka karanta masa lambar asusunka ko ta fasfo. Yana da sauƙin kai, amma ba amininka ba ne, kuma abin da ka faɗa masa ba a cikin wayarka yake tsayawa ba.

Wurin karatu ma a zaɓa. A shago ba ya yiwuwa: mutum ya zauna a bakin layi yana cewa "mai, mai, mai" da ƙarfi, kafin azahar masu babura sun taru da galan suna tambayar nawa lita. A cikin adaidaita-sahu iska da ƙara za su sa na'ura ta ji abin da ba ka faɗa ba. Bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kwata ɗaya na awa kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin harshe tsoka ne, da maimaici yake laushi. A sa waya caji tun dare in an kawo wuta.

Sai abu na ƙarshe, wanda da yawa ba sa sani sai sun sauka. A cikin ƙasar Sin an toshe ChatGPT, haka Google da WhatsApp, can WeChat ake yi. Malamin da ya yi wata shida yana yabonka, a filin jirgi zai yi shiru. Don haka abin da ka san za ka bukata a ranar farko, ka sa shi a ka tun a gida, ka kuma rubuta a takarda. A saman takardar ka sa qīngzhēn, kalmar da Sinawa ke nufin halal da ita, ka haddace siffar haruffanta biyu, domin su za ka nema a allon gidan abinci. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi ke riƙe da su, suna ko'ina a garin. A ƙasanta ka rubuta Huaisheng, sunan tsohon masallacin Guangzhou, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, da jimlar da za ka tambayi hanya da ita. Ka gwada ta a kan direban tasi. Zai amsa da sauri, da karin garinsu, yana kallon titi, kuma ba zai ce ka yi ƙoƙari ba. In motar ta tsaya ka hango doguwar hasumiya a gabanka, ka biya shi, ka ce xièxie, ka karɓi canjinka ka ƙirga.